Gashin Asibiti Da Fatar Majinyaci: A Yi Wa Baƙin Arewa Bayani Da Harshensu

Duk wanda ya zauna a Idi-Araba ta Ikko, ko a Sabo ta Badun, ya san irin baƙin nan da kan sauka da asuba daga motar Arewa, ba su zo da shanu ba, ba su zo sarin goro ba, sai 'yar jaka da takardar likita a ƙunshe cikin leda. Ciwon daji ne ya kawo su, watau sankara, an ce musu sai sun zo Kurmi an yi musu gashi. Mai masauki kuwa, ko ɗan'uwa ne ko ɗan gari ɗaya, shi zai zama ɗan jagora, shi ne tafinta, shi ne mai jinya, har tsawon wata guda ko biyu.

Dalilin wannan zirga-zirga sananne ne. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko da ke Idi-Araba aka fara aikin gashi a Nijeriya cikin 1968 da wata ƙaramar na'ura, sa'an nan a shekarun 1970 aka kafa babba mai aiki da sinadarin kobal. Asibitin Koyarwa na Badun ya bi sahu a 1987. Daga baya Zariya da Abuja da Sakkwato suka sami nasu. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar cibiyar ciwon daji a Idi-Araba, a 2025 kuma aka buɗe wasu a Katsina da Inugu da Binin. Duk da haka na'urorin sun yi wa ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 kaɗan ƙwarai, kuma idan ɗaya ta lalace sai majinyatan da ke layinta su watse neman inda wata ke aiki. Saboda haka baƙin gashi ba su daina sauka a Kurmi ba.

Abin takaici shi ne, bayan an sayar da gona ko sa an haɗa kuɗin, an sha wahalar hanya, an yi jiran layi, sai a tarar wani abu da ba a lissafa da shi ba ya shiga tsakanin majinyaci da maganinsa, watau lalacewar fata a wurin da ake gasawa. Littattafan likitoci suna cewa kusan tara daga cikin kowane majinyata goma da aka yi wa gashi fatarsu takan nuna wani canji. Ga mafi yawansu abin ba ya wuce duhu da ƙaiƙayi da bushewa, amma ga wasu fatar takan sale ta zama ɗanyen miki mai tsatstsafo da ruwa, har mace ta kasa sa riga, ko namiji ya kasa juya wuyansa. Wani sashe na wannan wahala ba makawa sai an sha shi. Wani sashe kuwa, mai yawa ma, rashin bayani ne ke jawo shi, kuma bayani ba ya cin ko kwabo.

Ruɗanin yana farawa tun daga sunan da Bahaushe ya ba aikin. Da an ce gashi sai zuciya ta tafi ga wuta, ga gashin tsire, ga gashin targaɗe da tsumma da ruwan zafi, ga gashin mai jego. Alhali kuwa na'urar asibiti ba ta da zafi ko kaɗan. Wani irin haske take harbawa wanda ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Majinyaci zai kwanta na 'yan mintoci, ya tashi bai ji kome ba. Aikin hasken shi ne lalata ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa, irin na sankara. To, amma kafin ya kai ga sankarar sai ya ratsa ta fata, kuma a can ƙasan fata akwai wani shimfiɗi na ƙwayoyi da su ma kullum cikin hayayyafa suke, domin su ne ke sabunta fatar mutum kusan kowane wata. Idan hasken ya raunana su, fatar sama za ta ci gaba da zubewa kamar yadda ta saba, amma wadda za ta maye gurbinta ba ta iso ba. Shi ya sa ba a ganin kome a makon farko, sai a mako na biyu ko na uku wurin ya soma sauyawa, a na huɗu ko na biyar kuma ya fi tsananta. Wuraren da fata ke gugar fata, ga gumi, su suka fi shan wuya: ƙarƙashin mama, da hammata, da wuya, da matsematsi. Mai shan taba, da mai ciwon sukari, da mai ƙiba, da wanda ake haɗa masa gashi da allurar sankara a lokaci guda, nasu yakan fi muni.

Akwai wata matsala da ta shafi baƙar fata musamman, wadda ya kamata ma'aikatan asibiti su yarda da ita a fili. Tun lokacin da wani Bajamushe mai suna Ronjin ya gano wannan haske a 1895, likitocin Turai da jan fata suke gane illarsa. Har ma a farkon zamanin, kafin a sami na'urorin awo, adadin hasken da ke sa fatar Bature ta yi ja shi ne ma'aunin da ake aiki da shi. Ma'aunan da ake koya wa likitoci da ma'aikatan jinya har yanzu da ja suke farawa: ja kaɗan, ja sosai, sa'an nan salewa. Ina ja a wuyan mutumin Gumel ko na Argungu? Fatarsa duhu take ƙarawa, ta yi baƙi ƙirin ko toka-toka, ta yi ɗumi, ta yi tauri, tana ƙaiƙayi. Ma'aikacin da ke sauri, ga layi a bayansa, zai iya dubawa ya ce babu kome, sai ranar da wurin ya fashe. Saboda haka bakin majinyaci ya fi idon ma'aikaci saurin gano abin, in dai an tambaye shi, in kuma ya ji tambayar. Kara da kunya, waɗanda abin yabo ne a zaure, a nan cuta suke yi. Matar da ake gasa wa mama ko mahaifa, aka tambaye ta yaya jiki ta ce da sauƙi, alhali ƙarƙashin rigarta ya jiƙe, ta jinkirta wa kanta magani da mako guda.

Sai maganar wanka, wadda ita ce ta fi damun jama'a. A da likitoci kan hana majinyaci taɓa wurin da ruwa har a gama gashi, kuma wannan tsohuwar doka tana nan tana yawo a bakin 'yan jinya, wani ya gaya wa wani a bakin ɗakin jira. An gwada ta an ga ba ta da tushe. Wani bincike a Ingila cikin 1992, da wani a ƙasar Kanada cikin 2001, sun kwatanta masu wanke wurin da ruwa da sabulu da waɗanda aka hana, aka tarar masu wankewa ba su fi lalacewar fata ba, hasali ma a binciken Kanada sun fi ƙarancin miki. A gari mai laima da gumi kamar Ikko, a ce mutum ya yi mako biyar ruwa bai taɓa hammatarsa ba, ai gayyatar ƙwayoyin cuta ne. Musulmin da ke fargabar alwala da wankan tsarki ya kwantar da hankalinsa, ruwa ba ya ɓata gashi. Idan an kai ga ɗaure wurin da bandeji, malamai sun san hukuncin shafa a kansa, sai a tambaye su.

Amma wankan yana da ƙa'ida, kuma a nan al'ada ke cin karo da asibiti. Bahaushe bai yarda ya yi wanka ba sai soso ya yi ƙara a jikinsa. Wurin gashi ba ya son soso, ba ya son ruwa mai zafi, ba ya son sabulu mai soda ko mai ƙamshi. Tafin hannu ne da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar ƙarfi, sa'an nan a ɗan daddanna tawul mai laushi har ya bushe, ban da gogawa. Zanen tawada da ma'aikata suka yi a jiki kada a kankare shi, gama da shi suke saita na'ura kowace rana, idan ya goge sai an sake awo. Tufafi su zama na auduga, sakakku. Sabuwar shadda mai sitaci da aikin wuya mai kaushi, da rigar mama mai ƙarfe, da hijabin leda mai riƙe zafi, duk a ajiye su sai an warke. Wanda ake gasa wa wuya ko muƙamuƙi ya yi sallama da askar wanzami da reza na ɗan lokaci. Rana ma abokiyar gaba ce, don haka mai dako ko mai tura ruwa da yake tunanin zai riƙa fita nema tsakanin gashi da gashi, ya rufe wurin da ƙyalle mai sauƙi.

Babbar ɓarna kuwa daga masu ƙauna take zuwa. Da maƙwabta sun ga wurin ya yi duhu sai kowa ya kawo nasa: wannan man zafi, wannan hoda, wannan alif, wannan toka ko garin magani, wata kuma ta ce a gasa da ruwan zafi tun da dai gashi ne. Wani ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe mataccen jini. Wani ya ruga kemis ya sayo man nan na kwali da mata ke shafawa don haske, wanda a cikinsa akwai magunguna masu ƙarfi iri biyu ko uku a haɗe. Humra da turaren fesawa ma suna da sinadarin da ke cin fatar da ta yi rauni. Duk waɗannan abubuwa fatar lafiyayye tana iya jure wasunsu, fatar da ake gasawa ba ta iyawa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk abin da za a shafa a wurin, a fara kai kwalbarsa asibiti a nuna.

Abin da ya dace a shafa ba ɓoyayye ba ne. Mai marar ƙamshi wanda ke hana bushewa, a shafa shi siriri sau biyu a rana tun daga ranar farko, kada a jira sai fata ta soma ɓarewa. Tsoron da ake yi cewa mai a jiki yana ƙara ƙarfin hasken, wani bincike na Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka a 2018 ya nuna shafawa daidai wa daida ba ta da wannan illa, sai in an lafta shi da kauri. A 2023 wata ƙungiyar ƙwararru ta duniya mai kula da sauƙaƙa wahalar masu ciwon daji ta tace binciken da aka yi shekara da shekaru, ta fitar da abubuwan da masana suka amince da su don rigakafi. A cikinsu akwai man shafawa guda biyu, mometason da betametason, waɗanda likita ne ke rubutawa ya kuma faɗi yadda za a yi da su, da wata leda siririya mai manne wa fata, da kuma man zaitun, wanda kusan babu gidan Bahaushen da ba a san shi ba. Alobera da ake ta talla ba ta sami shiga ba, domin tun a 1996 aka gwada ta a Amurka ba a ga amfaninta ba.

Ledar nan, mai suna Mepitel, ta nuna aiki sosai. A wani gwaji da aka yi a Kanada kan mata masu sankarar mama, wanda aka buga a 2023, kimanin kashi 16 cikin 100 na waɗanda aka manna wa ita ne suka sami lalacewar fata mai tsanani, a kan kimanin kashi 46 na waɗanda ba a manna wa ba. Sai dai tsada gare ta, kuma gumi yana ɓamɓare ta, saboda haka ba ita ce mafitar talakan da ke kwana a shagon ɗan'uwansa a Agege ba. Wanda ya fi dacewa da aljihun Nijeriya shi ne gwajin da aka yi a birnin Niyok, wanda shi ma aka buga a 2023. Likitocin can sun lura cewa wata ƙwayar cuta da ke zaune a hanci da fatar mutane da yawa tana da hannu a mikin gashi. Sai suka ba rabin majinyata wani man hanci mai kashe ta da wani ruwan wanka na asibiti, suka bar rabi a kan kulawar da aka saba. A cikin waɗanda aka ba maganin ba a sami ko mutum ɗaya da fatarsa ta yi ɗanyen miki ba, a ɗaya rukunin kuwa an sami kashi 23 cikin 100. Majinyatan ba su kai 80 ba, don haka gwajin ƙarami ne, amma yawancinsu baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka, kuma magungunan biyu tsofaffi ne masu araha. Wannan abu ne da ya kamata asibitocin koyarwa na ƙasar nan su gwada a kan nasu majinyatan.

Tsawon gashin ma yana da nasa tasiri. Tsohon tsari na sankarar mama shi ne zuwa 25 cikin mako biyar. Gwaje-gwajen da aka yi a Ingila, waɗanda aka buga a 2008, sun nuna zuwa 15 cikin mako uku yana aiki daidai da wancan kuma fata ba ta fi wahala ba, a 2020 kuma aka nuna cewa ga wasu matan zuwa 5 cikin mako ɗaya ya wadatar. Likita ne ke sanin wanda ya dace da kowace majinyaciya, amma babu laifi mai jinya ya tambaya. Ga matar da ta baro 'ya'ya a Funtuwa, bambancin mako biyar da mako uku ba ƙaramin abu ba ne, ko ta wajen fata ko ta wajen kuɗin abinci da masauki.

Wani zai ce ƙasar da ba ta da isassun na'urori, ina ta ga lokacin damuwa da ƙaiƙayin fata? Wanda ya faɗi haka bai san yadda gashi ke aiki ba. Ana yin sa ne kullum, Litinin zuwa Jumma'a, ba tsallake, domin kada a ba sankara sararin farfaɗowa. A sankarar maƙogwaro da baki, masana sun ƙiyasta cewa kowace rana da aka ƙara a kan wa'adi tana rage damar shawo kan ciwon da kimanin kashi ɗaya cikin 100, a sankarar bakin mahaifa kuma ana son a kammala kome cikin mako takwas. Majinyacin da miki ya sa aka dakatar da shi kwana goma, ko wanda ya ga wuyansa ya sale ya ce wuta ce ake ƙona shi da ita, ya hau mota ya koma gida wurin mai magani, an yi hasarar kuɗinsa, an yi hasarar gurbin da ya tare a kan na'urar da ɗaruruwa ke jira, kuma sankararsa tana nan. Inda na'ura ta yi ƙaranci, a nan ne ya fi zama wajibi kowane wanda ya hau ta ya kai ƙarshe.

Ma'aikatan ɗakunan gashi mutane ne da aiki ya yi wa yawa, kuma da yawansu suna iyakar ƙoƙarinsu. Amma bayanin da aka yi da Turanci ko Yarbanci ko buroka ga dattijuwar da ba ta jin ko ɗaya, ta gyaɗa kai don ladabi, ba a yi shi ba. Kullum tafintan shi ne ɗanta ko ƙanin mijinta, wanda ba za ta iya buɗe baki ta gaya masa abin da ke faruwa a matsematsinta ba. Ya kamata kowace cibiyar gashi a Kurmi ta tanadi takarda guda da Hausa, ta boko da ta ajami, mai hotunan yadda abin ke bayyana a baƙar fata, da kuma saƙon murya na minti biyar da za a tura wa mai jinya a wayarsa, tun da ba kowa ke karatu ba amma kusan kowa yana sauraro. Ya kamata kuma a ware rana ɗaya a mako da ma'aikaciyar jinya za ta duba fatar kowane majinyaci da idonta da hannunta, ba tare da jiran ya yi ƙorafi ba.

Sauran aikin yana wuyan Hausawan Kurmi da kansu. Sarakunan Hausawa na unguwanni, da ƙungiyoyin 'yan kasuwar shanu da na gwari da na canji, da kwamitocin masallatai, sun saba haɗa kuɗin kai gawa gida ko belin wanda aka kama. Asibitin Idi-Araba yana maƙwabtaka da ɗaya daga cikin manyan unguwannin Hausawa na Ikko, na Badun ma ba shi da nisa da Sabo. A waɗannan unguwanni akwai 'yan mata da matan aure da aka haifa a nan, masu jin Hausa da Yarbanci da Turanci kamar ruwa. Idan aka zaɓi biyu ko uku aka nemi asibiti ya koya musu abin da ya kamata su sani, aka yanka musu ɗan alawus, mace za ta sami mace 'yar'uwarta da za ta gaya wa gaskiya. Masu masauki kuma su sani cewa wanda aka yi wa gashi da na'ura daga waje ba ya ɗauke da hasken a jikinsa. Ana iya cin abinci kwano ɗaya da shi, ana iya ba shi jariri ya riƙe. Ware masa tabarma da kofi, kamar yadda wasu ke yi, ƙarin ciwo ne kawai. Abin da yake bukata shi ne wuri mai iska, da ruwan wanka mai tsabta, da abinci mai gina jiki irin su wake da ƙwai da kifi da nono, domin da su fata ke sake tofowa.

Kada kuma a yi gaggawar sa baƙo a mota ranar da aka gama. Lalacewar fata takan kai ƙarshen tsananinta ne mako ɗaya zuwa biyu bayan gashi na ƙarshe, lokacin da majinyaci ya riga ya isa ƙauyen da babu wanda ya taɓa ganin irin wannan miki, sa'an nan ta soma warkewa cikin makonnin da ke biye. Kafin ya tafi a karɓar masa takardar da ke bayyana abin da aka yi masa, da abin ɗaurin miki wanda ba ya manne wa nama, da lambar wayar ɗakin gashi. A gaya masa cewa idan wurin ya soma fitar da mugunya, ko wari, ko zazzaɓi ya zo, asibiti mafi kusa zai nufa a ranar. Duhun wurin yakan ɗauki watanni kafin ya washe, wani ma ba ya komawa yadda yake, kuma fatar za ta ci gaba da jin rana da hunturu fiye da sauran jiki har shekaru, don haka shafa mai da rufe wurin ba su ƙare da ƙarewar gashi ba.